Taga Mai Ba Da Lantarki: Ina Aka Kwana Kan Sola Mai Kama Da Gilashi?

A yau da wuya mutum ya ratsa unguwa bai hangi faifan sola a kan rufin wani gida ba, ko a kan shagon cajin waya, ko a gefen rijiyar burtsatse. Kowa ya san kamanninsa: baƙi ne ko shuɗi mai duhu, da siraran layuka a jikinsa, kuma in ka ɗaga shi sama sai ya yi maka inuwa kamar faifan tabarma. To, akwai wani iri da masana suka kwashe shekara da shekaru suna aiki a kansa, wanda bai yi kama da wannan ba ko kaɗan. In ka tsaya a gabansa za ka hangi abin da ke bayansa, kamar ka leƙa ta taga. Burinsu shi ne wata rana tagogin dogayen benaye na manyan birane su riƙa ba da lantarki, ba tare da wanda ke zaune a ciki ya ma lura ba.

Dalilin wannan buri a fili yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma nan da 2050 za su kai kashi 68. Birni shi ne ya fi ko'ina shan wuta, kuma shi ne ya fi ko'ina ƙarancin fili. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Jihar Kano a farkon 2023 ta ci fili hekta 24. Ina za a samu irin wannan fili a tsakiyar Tokiyo ko tsibirin Legas? Shi ya sa ido ya koma kan bangon gine-gine da tagoginsu.

Sai dai akwai wata tambaya da ya kamata duk ɗalibin da ya san abin da yake yi ya fara yi. Faifan sola yana aiki ne ta hanyar shanye haske. Gilashin taga kuwa amfaninsa shi ne ya bar haske ya wuce. Ta yaya abu ɗaya zai yi aikin nan biyu? Hausawa dai sun ce ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Amsar wannan tambaya ita ce kan maganar duka, kuma wanda ya gane ta ba za a ruɗe shi da talla ba.

Hasken da ido ba ya gani

Bari mu faro daga bakan gizo. Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne, daga ja a wani gefe zuwa shunayya a ɗaya gefen. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, launukan suka rarrabu a kan tebur. Sai ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ma fi na cikin launukan. Ashe akwai haske a wurin, ido ne kawai ba ya kama shi. Shi ne ake kira infirared, mu kuma a nan za mu ce da shi hasken bayan-ja. Bayan shekara ɗaya, a 1801, wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya gano irin wannan a ɗaya gefen, gaba da shunayya. Wannan shi ne hasken bayan-shunayya, wanda ke ƙona fata kuma yake koɗar da launin tufa idan ta daɗe a shanya.

Kuna iya ganin shaidar wannan a gida. Ku ɗauki rimot ɗin talabijin, ku buɗe kyamarar waya, ku nuna bakin rimot ɗin ga kyamarar, sannan ku danna kowane maɓalli. A fuskar wayar za ku ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot ɗin yana walƙiya, alhali da ido ba ku ganin komai. In kyamarar baya ba ta nuna ba, ku gwada ta gaba. Hasken bayan-ja ne rimot ke aika wa talabijin.

Abin da ya sa wannan ya shafi sola shi ne rabon ƙarfin hasken rana. Daga abin da ke isowa doron ƙasa, wanda ido ke gani bai kai rabi ba. Kusan rabi hasken bayan-ja ne, sauran ɗan kaɗan kuma na bayan-shunayya. Ke nan da za a samu wani abu da zai shanye waɗannan biyun da ba a gani, ya ƙyale wanda ake gani ya wuce, da an samu taga mai ba da wuta.

Me ya sa faifan da muka sani yake da duhu?

Faifan da ke kan rufinmu da silikon ake yin sa, wani sinadari da ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin yashi. Idan haske ya faɗa kan silikon, sai ya zaburar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektaron su bar mazauninsu. An tsara faifan ta yadda za su bi hanya ɗaya su fita ta waya, kuma wannan tafiyar tasu ita ce lantarki. Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara lura a 1839 cewa haske na iya tayar da lantarki. A 1954 aka ƙera faifan silikon na farko mai amfani a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, yana mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya same shi zuwa wuta. Masu kyau na kasuwa a yau sun haura kashi 20.

Silikon ba ya zaɓe. Yana shanye hasken da ake gani gaba ɗaya, har da wani sashe na bayan-ja, shi ya sa yake da duhu. Duhun nasa alama ce ta cewa yana aikinsa. Duk wanda yake son faifai mai bayyana abin da ke bayansa dole ya haƙura da wani kaso na wutar. Masu bincike sun bi hanyoyi uku wajen wannan ciniki.

Hanya ta farko: dabarar asabari

Ku tuna asabarin da ake ratayawa a ƙofar ɗaki. Kowane tsinke nasa ba ya barin haske ya wuce, amma ta tsakankaninsu na ciki yana hangen tsakar gida. Haka wannan hanya take. Ana jera ƙananan fayafayan silikon tsakanin gilashi biyu, a bar tazara a tsakaninsu. Ko kuma a shafa wa gilashi silikon siriri ƙwarai, sannan a yi amfani da hasken leza a kankare wasu layuka da ido ba ya rabewa daga nesa. Gwargwadon yawan tazarar, gwargwadon hasken da zai shigo, kuma gwargwadon raguwar wutar.

Wannan iri ya riga ya shiga kasuwa. Ana sa shi a rufin gilashi na tashoshin jirgin ƙasa da manyan kantuna da rumfunan ajiye motoci, inda ake son inuwa da haske a lokaci guda. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi suna a sana'ar gilashin sola shi ne Onyx Solar na garin Abila a ƙasar Sifaniya. Shi ya ƙera gilashin da aka lulluɓe hedikwatar bankin Sterling da shi a titin Marina na Legas, mai faɗin kimanin murabba'in mita 6,500 da ƙarfin da ya kusa megawat ɗaya. Wancan gilashin na silikon ne mai kauri, ba irin wanda ake hange ta cikinsa sarai ba, amma ya nuna cewa bangon bene na iya zama tashar wuta a ƙasar nan.

Hanya ta biyu: dabarar rini

Ganyen itace yana kama hasken rana ne da wani koren sinadari da ke jikinsa. Wannan ne ya ba wasu masana biyu, Michael Grätzel da Brian O'Regan, shawara. A 1991 suka bayyana wani faifai da ake yi da rini. Ana shafa wa gilashi wani farin gari, irin wanda ake sa wa farin fenti, sai a jiƙa shi da rini. Rinin ne ke kama haske ya saki ilektaron, farin garin ya karɓa ya miƙa wa waya. Da yake shafin siriri ne, haske na ratsa shi, sai dai yana fitowa da launin rinin.

Fitaccen misalinsa yana birnin Lozan na ƙasar Suwizalan. A 2014 aka buɗe babban zauren taro na SwissTech a jami'ar fasaha ta birnin, inda Grätzel yake koyarwa. An rufe bangonsa na yamma da irin wannan gilashi mai faɗin murabba'in mita 300, mai launin ja da kore da ruwan lemo. Da yamma idan rana ta bugi bangon, launukan kan zubo cikin zauren, gilashin kuma yana rage zafi yana ba da wuta.

Abin sha'awa ga ɗalibanmu shi ne, ana iya gwada wannan da rinin tsirrai. Masu bincike a jami'o'in Najeriya da wasu ƙasashe sun gwada jan ruwan zoɓo da kuma lalle. Wutar da suke bayarwa kaɗan ce ƙwarai, galibi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma rinin yana saurin koɗewa. Ba za a haska gida da su ba, amma sun isa su motsa allurar ma'aunin lantarki a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, kuma gani ya kori ji.

Hanya ta uku: zaɓen haske

Wannan ita ce ake yi wa kallon taga ta gaskiya, domin ita ce ke amfani da hasken da ido ba ya gani. A 2011 Richard Lunt da Vladimir Bulović, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, suka nuna wani faifai da aka yi da sinadarai masu shanye hasken bayan-ja su bar mafi yawan wanda ake gani ya wuce. A shekarar ce kuma suka haɗu da Miles Barr suka kafa kamfanin Ubiquitous Energy domin kai fasahar kasuwa.

Lunt ya koma Jami'ar Jihar Mishigan, inda a 2014 shi da ɗalibansa suka fito da wata dabara ta daban. Don ku gane ta, ku nemo rular roba mai garai-garai, irin koriya ko mai ruwan lemo ɗin nan da ake sayarwa a ƙofar makaranta. Ku riƙe ta a rana ku dubi bakin gefenta. Za ku ga gefen yana ƙyalli fiye da fuskarta, kamar an kunna masa wuta. Abin da ke faruwa shi ne, launin da ke cikin robar yana shanye haske ya sake fitar da shi, sai hasken ya maƙale a cikin robar, yana karo da fuskar sama da ta ƙasa, har ya ɓulle ta gefe.

Haka faifan Lunt yake aiki, sai dai sinadarin da ke cikinsa hasken bayan-ja da na bayan-shunayya yake shanyewa, kuma abin da yake fitarwa shi ma ido ba ya ganinsa. Hasken ya bi cikin gilashin ya taru a gefe, inda aka liƙa siraran fayafayan sola da firam ɗin taga zai ɓoye. Wanda ya kalli gilashin ba zai bambanta shi da na taga ba. Amma wutar da ya ba da a lokacin kimanin kashi 1 cikin 100 ce kawai.

Daga nan aka ci gaba da turawa. A 2019 kamfanin Ubiquitous Energy ya ba da sanarwar faifai mai kashi 9.8, wanda ke barin kimanin kashi 38 na hasken da ake gani ya wuce. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan, ƙarƙashin Stephen Forrest, suka samu kashi 8.1 da faifai mai barin kashi 43 ya wuce. Ku lura da lambobin nan biyu, domin kullum tare suke tafiya. Gilashin taga na yau da kullum yana barin fiye da kashi 80 ya wuce. Ke nan fayafayan da suka kusa kashi 10 sun fi kama da gilashin mota mai ɗan duhu. Ga manyan ofisoshi wannan ba aibu ba ne, domin dama da gangan ake rage hasken tagoginsu. Lissafin Lunt ya nuna cewa ko an kai ƙarshen ƙwarewa, faifai mai shafi ɗaya da ke barin duk hasken da ake gani ya wuce ba zai haura kimanin kashi 21 ba, alhali iyakar mai duhu kimanin kashi 33 ce.

A 2021 aka kafa irin wannan gilashi a saman ƙofar shiga wani ginin kimiyya na Jami'ar Jihar Mishigan. Faɗinsa bai wuce murabba'in mita tara da 'yan kai ba. Wannan ya nuna muku inda ake: an fita daga ɗakin gwaji, amma ba a kai ga cika birni ba.

Mu yi lissafi

In wutar da yake bayarwa ba ta kai rabin ta faifan rufi ba, me ya sa ake wahala a kansa? Ku ɗauko biro da takarda, amsar tana cikin lissafin faɗi da kuka koya a aji.

Mu ƙaddara wani bene mai hawa 30, kowane gefensa mita 30, kowane hawa kuma tsayinsa mita uku da rabi. Faɗin rufinsa 30 sau 30, wato murabba'in mita 900. Tsayinsa mita 105. Bangonsa huɗu kuwa 4 sau 30 sau 105, wato murabba'in mita 12,600. Ke nan bangon ya ninka rufin sau 14.

Yanzu mu ɗauka bangon duk gilashin sola ne mai kashi 5, rufin kuma an shimfiɗa masa faifai mai kashi 20. Gilashin yana ba da rubu'in abin da faifan ke bayarwa ke nan. Mu sake ɗauka cewa bango, da yake a tsaye yake, rabin hasken da rufi ke samu a yini yake samu. Rabin rubu'i shi ne ɗaya bisa takwas. In muka raba 14 da 8 za mu samu 1.75. Wato duk da rauninsa, bangon ya kusa ninka wutar rufin sau biyu. Irin wannan tunani ne ya sa Lunt da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2017 cewa Amurka tana da gilashi mai faɗin murabba'in mita biliyan 5 zuwa 7, kuma da za a mayar da shi duka na sola zai iya biyan kimanin kashi 40 na buƙatar wutar ƙasar. Ƙiyasi ne na abin da zai yiwu a takarda, ba alƙawari ba.

To, mu juya ga gida irin wanda yawancinmu muke ciki, marar bene. A ce rufinsa murabba'in mita 150 ne, tagoginsa duka kuma 15. In muka raba 15 da 8, abin da tagogin za su bayar bai kai na murabba'in mita biyu na rufi ba, wato kwatankwacin babban faifai guda ɗaya. Mai irin wannan gida da zai kashe kuɗi kan tagogin sola alhali kwanon rufinsa na zaune fayau, ya yi asara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: gilashin sola na dogon bene ne mai ƙaramin rufi da bango mai yawa.

Inda rana take tsayawa

Akwai wani abu kuma da darasin labarin ƙasa zai taimaka mana mu gane. Garuruwan da aka fi yin wannan bincike suna can arewa da nisa. Lozan tana wajen digiri 46 arewa da ikwaita. A tsakiyar hunturunsu, ko da tsakar rana, rana ba ta tashi sama da kimanin digiri 20 daga doron ƙasa. Haskenta a kwance yake zuwa, yana bugun bango da taga kai-tsaye.

Kano kuwa tana digiri 12 ne. A nan, ko a watan Disamba da rana ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana ya haura digiri 50. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, takan tsaya daidai tsakar ka, har inuwar mutum ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa. A irin wannan lokaci rufi ne ke shan rana, bango kuwa shafarsa kawai take yi. Bangon gabas yana samun rabonsa da hantsi, na yamma da la'asar. Saboda haka a ƙasashe irin namu, inda gilashin sola zai fi amfani shi ne inda aka kwantar da shi: rufin gilashi na tsakiyar babban kanti ko asibiti, rumfar tashar mota, ko rumfar noman kayan lambu. A 2021 kamfanin ClearVue ya buɗe irin wannan rumfar noma ta gilashin sola a Jami'ar Murdoch da ke birnin Perth na Ostireliya. Dabarar ta dace da shuka, domin tsirrai da hasken da ake gani suke haɗa abincinsu.

Bango yana da tasa fa'idar guda: ƙurar hunturu ba ta kwanciya a kan gilashin da ke tsaye kamar yadda take lulluɓe faifan da ke kwance. Sannan gilashin da ke tare hasken bayan-ja yana rage zafin da ke shiga ɗaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna shan kusan kashi 20 cikin 100 na lantarkin da gine-ginen duniya ke amfani da shi. A wuri mai zafi, wutar da tagar ta hana a kashe tana iya zama da muhimmanci kamar wadda ta samar. Amma kada wannan ya sa a ɗauka gina gidan gilashi a ƙasar zafi dabara ce. Maginanmu na dā da suka yi soraye masu kaurin bango da ƙananan tagogi sun san abin da suke gudu. Gilashin sola yana rage illar bangon gilashi ne, ba ya kawar da ita.

Abin da ya rage a warware

Matsala ta farko ita ce ƙarko. Faifan silikon akan ba shi garantin shekara 25. Sinadaran da ke zaɓen haske kuwa iska da laima da shi kansa hasken rana suna lalata su in ba a killace su da kyau ba, kuma sauya taga a hawa na 20 ba wasa ba ne. Ta biyu ita ce girma. Yawancin lambobin da ake sanarwa an same su ne a kan faifai ɗan mitsitsi da bai fi farce ba. Idan aka faɗaɗa shi ya kai girman taga, lantarkin sai ya yi doguwar tafiya ta cikin wani shafi marar launi, irin wanda ke fuskar wayar hannu, kuma a hanya wani kaso yakan salwanta. Ta uku, kowace taga sai an ja mata waya zuwa inbata, aikin da ya fi sauƙi a sabon gini fiye da tsoho. Ta huɗu, a birni bene kan yi wa bene inuwa.

Babbar matsalar kuwa ita ce kuɗi. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan silikon ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100. Duk sabuwar fasahar da ta fito, da wannan mai araha za ta yi gasa. Hujjar masu gilashin sola ita ce, mai gina bene dama sai ya sayi gilashi da firam ya biya masu kafawa, don haka ƙarin kuɗin shafin sola kawai za a lissafa. Ko wannan hujja za ta karɓu a kasuwa, ya danganta ga yadda aka warware matsalolin can huɗu.

Tambayoyi uku da za ku riƙe

Za ku ci gaba da cin karo da hotuna da bidiyo a Facebook da TikTok na wani yana riƙe da gilashi garai-garai, ana cewa ƙarshen matsalar wuta ya zo. Wata rana ma mai yiwuwa a kawo muku shi kanti. Kafin ku yarda ko ku tura wa wani, ku yi tambaya uku. Kashi nawa na hasken yake mayarwa lantarki? Kashi nawa na hasken da ake gani yake bari ya wuce? Kuma a kan wane girma aka auna, na tsawon wane lokaci? Duk wanda ya faɗi lamba ta farko ya ɓoye ta biyu, rabin labari ya ba ku.

Ga masu tunanin abin da za su karanta gaba, wannan fage ne da ya haɗa fannoni da yawa. Masanin kemistiri ne ke haɗa sinadarin, masanin fiziks ya auna hasken, injiniyan lantarki ya ja wayar, mai zanen gini kuma ya yanke shawarar bangon da ya dace. Biranenmu suna ƙara tsayi, kuma waɗanda za su zana benayen Abuja da Kano da Yamai nan da shekara 20 suna zaune a aji yanzu.

Ga aikin wannan mako. Ku nemi izinin malaminku na lissafi ko na kimiyya, ku auna tsawo da faɗin ajinku don ku ƙiyasta faɗin rufinsa, sannan ku auna tagoginsa duka ku tara. Ku raba faɗin tagogin da 8 kamar yadda muka yi a sama, ku gwada da na rufin. Ku kuma lura wane bango ne rana ke bugu da ƙarfe 9 na safe, da 12 na rana, da 4 na yamma, ta hanyar kallon inuwa, ba kallon ƙwayar rana ba, domin tana illata ido. Daga nan sai ku rubuta wa shugaban makarantarku shawara a shafi guda: in aka samu kuɗin sa sola, a ina ya kamata a fara, kuma me ya sa.